Taron Kano Na 1961 Da Yaƙin Ciwon Bushiya

Ƙasar Rogo tana can ƙuryar ƙasar Kano ta wajen kudu maso yamma, inda ta yi iyaka da ƙasar Katsina da ta Zazzau. A zamanin En'e tana cikin gundumar Ƙaraye. Ƙasa ce ta noma da kiwo, ga dawa da masara a tudu, ga rake a fadama, ga kuma rugage a tsakanin gonaki. Makiyayin da ya kora garkensa daga nan da hantsi, in ya so kafin rana ta faɗi ya shiga ƙasar wani sarki. Masu karɓar jangali na wancan zamani sun san haka sarai, don kuwa da an ji ƙishin-ƙishin za a fara ƙidayar shanu a wannan gefe, sai a wayi gari garke ya koma wancan gefen. Malamin jangali iyakarsa bakin iyaka, amma saniya ba ruwanta da wannan, cutar da take ɗauke da ita ma haka.

Cutar da muke nufi ita ce bushiya. Matasan makiyaya na yanzu ba su taɓa ganinta ba, sai dai labari a bakin tsofaffi. Takan fara da zazzaɓi, saniya ta daina kiwo, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo mai wari ya biyo, cikin mako guda ko biyu sai ta faɗi. Ba ta kama mutum, ko da yake masana sun ce ƙwayarta dangin ta ƙyanda ce. A shekarar 1887 ta shigo ta Massawa, a bakin Bahar Maliya, cikin shanun da aka kawo wa sojan Italiya, ta bi ta Habasha da Sudan, wajen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasar Hausa, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello. Wani hafsan Faransa mai suna Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, ya ba da labarin ɓarnar da ta yi. An ƙiyasta a wurare da yawa cikin shanu goma takwas ko tara sun mutu. Wannan annoba ita aka sa wa suna Sannu, don gaisuwar jaje ita ce ta cika bakin mutane a lokacin.

Da Turawa suka kafa mulki, ba su daɗe ba suka gane arzikin Arewa yana tafiya ne bisa ƙafa huɗu, jangali kuwa babban ginshiƙi ne na baitulmalin kowace En'e. Saboda bushiya aka kafa ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom a 1924. Allurar farko mai wuya ce: sai an tara shanu a sansani, a sa musu ƙwayar cutar tare da ruwan jinin da zai kare su, a tsare su kwana da kwanaki, waɗansu ma su mutu a wurin. Daga baya aka sami wadda ake rainon ƙwayarta a jikin awaki, ta fi sauƙi, amma ita ma takan kwantar da dabba mai rauni. Duk da haka cutar ba ta ƙare ba, dalili kuwa a fili yake. Ingilishi suna allura a nasu gefe a lokacin da suka ga dama, Faransawa suna yi a Nijar da Cadi da Kamaru a nasu lokaci. Shanun fatauci kuwa ba su fasa gangarowa daga Maraɗi da Damagaram zuwa kasuwannin Katsina da Kano ba, makiyaya ba su fasa bin burtali zuwa kudu da rani ba. Kowane gefe ya share gidansa, sai maƙwabci ya sake turo masa shara.

To, ana cikin haka aka sami mulkin kai a 1960, sai ga masu ba da taimako sun yi sahu. Ga Ingila, ga Amurka, ga Jamus ta Yamma, ga Bankin Duniya, ga hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, kowa da jakarsa, kowa da sharuɗɗansa. Mai karatu kada ya ɗauka yawan masu bayarwa sauƙi ne ga mai karɓa. Kowace ƙasa da watan da shekarar kuɗinta take farawa, da irin takardun da take so a cika mata, da masananta da take so a saurara. Galibinsu kuma ba sa ba da kuɗi a hannu, sai dai su zaɓi aiki guda su biya kayan da za a sayo daga waje, da sharaɗin a ƙasarsu za a saya. Albashin leburori da kuɗin man mota da gyaran abin da ya lalace, wannan an bar wa mai gida.

Su kansu masu bayarwar sun ga rikicin. A 1960 suka kafa wata ƙungiyar shawara a tsakaninsu, wadda a 1961 ta zama kwamitin taimakon raya ƙasashe na ƙungiyar OECD a Paris, inda suke zama su kaɗai su gwada abin da kowa ya bayar. Bankin Duniya kuma ya riga ya tara masu taimakon Indiya a 1958, da na Pakistan a 1960. A 1962 ya kafa wa Nijeriya nata zauren shawara, ita ce ƙasar Afirka ta farko da aka yi wa haka, don a taimaki shirin raya ƙasa na shekara shida, daga 1962 zuwa 1968. Shirin nan an tsara gwamnatoci za su kashe fam miliyan 676, ana sa ran rabi zai fito daga waje, Amurka ma ta yi alkawarin dala miliyan 225. Amma zauren na shawara ne kawai, ba a tilasta wa kowa ya faɗi abin da zai bayar, abin da ya shigo kuwa bai yi kusa da rabin nan ba. Inda haɗin kan ya yi rana shi ne madatsar Kainji, wadda Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82 dominta a 1964, Italiya da Ingila da Amurka da Holan suka cika, aka gama a 1968. Madatsa dai abu ne guda a wuri guda, kowa yana iya zuwa ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Saniya mai yawo tsakanin ƙasa huɗu ita ce ke da wuyar sha'ani.

Ga inda wuyar take. Ƙasashe shida na Turai da suka ƙulla yarjejeniyar Rum a 1957 sun buɗe asusun raya ƙasashe, amma don ƙasashen da ke da alaƙa da su, watau galibi waɗanda Faransa da Beljiyam suka mallaka. Nijar da Cadi da Kamaru suna ciki. Nijeriya ba ta ciki, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ma ya ƙi yarda da irin wannan alaƙa a 1962, yana ganin za ta rage darajar mulkin kai. Saboda haka kuɗin Turai yana iya sayen allura har bakin iyakar Nijar, amma ba ya ƙetarowa Jibiya. In kuwa aka yi wa shanun ƙasashe uku aka bar na Nijeriya, inda shanu da kasuwanni suka fi yawa, an yi aikin banza.

Wannan ƙulli shi aka zauna kwancewa a Kano a 1961. Shugabannin ma'aikatun dabbobi na ƙasashen suka taru a ƙarƙashin wata hukuma da ake kira CCTA, wadda ƙasashen mulkin mallaka suka kafa a 1950 don haɗa kai kan ayyukan fasaha a Afirka, ƙasashe masu sabon 'yanci kuma suka shigo cikinta. Aikin da aka amince da shi an sa masa suna Aikin Haɗin Gwiwa na 15, a takardu ana rubuta JP15. Sharuɗɗansa kaɗan ne, kowa yana iya riƙe su a ka. Za a yi wa dukan shanun yankin allura sau ɗaya kowace shekara, shekara uku a jere. Ƙasashen huɗu za su yi a lokaci guda, don kada garke ya tsere wa allura ta hanyar ƙetare iyaka. Duk dabbar da aka yi wa, za a huda mata alama iri ɗaya a kunne, wadda ma'aikacin Nijar zai gane, na Nijeriya ma ya gane. Asusun Turai zai ɗauki nauyin ƙasashe uku masu Faransanci, hukumar taimako ta Amurka, USAID, ta ɗauki na Nijeriya, gwamnatocin ƙasashen kuma su ba da ma'aikata da nasu kason. Aka naɗa mai kula da aikin baki ɗaya, wani likitan dabbobi Bafaranshe mai suna Lépissier, tare da shi akwai Macfarlane, mutumin Biritaniya, don kowane gefe ya sami mai jin harshensa.

A ganina hikimar taron nan ita ce ba a nemi masu bayarwa su zuba kuɗinsu a tukunya ɗaya ba, abin da dokokin ƙasashensu ba za su bari ba. An bar kowa da jakarsa da akawunsa, amma aka ɗaure su da shiri ɗaya, da lokaci ɗaya, da alama ɗaya. Wanda ya tsara shirin kuwa likitocin dabbobi ne da suka san burtali da mashaya, ba mutanen ofishin jakada ba.

Aka fara a ƙarshen 1962. An yi sa'a kuma a daidai wannan lokaci wani masani, Walter Plowright, ya kammala sabuwar allura a Muguga ta ƙasar Kenya, wadda ake rainon ƙwayarta a cikin kwalba. Ba ta kwantar da dabba, tana da araha, sau ɗaya kuma ya isa kare saniya har iyakar ranta. Ma'aikatar Vom da ta Farcha a Cadi su ne suka riƙa sarrafa allurar yankin. Aibinta guda, ba ta jure zafi. Dole a ajiye ta cikin firiji mai aiki da kananzir, a ɗauke ta cikin ƙanƙara har bakin ruga, in an dama ta da ruwa kuwa sai a yi amfani da ita nan da nan. Mai karatu ya tuna da zafin bazara a ƙasar Kano, da irin hanyoyin mota na wancan zamani, zai san yawancin kuɗin taimakon ba a allurar kanta ya tafi ba, a motoci da firiji da mai ya tafi.

Me ya sa sai sau uku, tun da sau ɗaya ya isa? Dalili biyu ne. Na farko, ba a taɓa samun dukan shanu a zagaye guda, kullum akwai waɗanda suka yi nisan kiwo ko aka ɓoye. Na biyu, ɗan maraƙin da uwarsa ke da kariya yakan sha kariyar a nonon farko, ita kuwa takan hana allura kama shi har ya yi watanni, sa'an nan ta gushe ta bar shi a fili. Saboda haka maraƙin bana sai baɗi za a same shi. A riƙe wannan magana ta maruƙa, don a kanta aikin ya karye daga baya.

A Jihar Arewa aikin ya bi hanyar da kowane umurni yake bi a lokacin: daga En'e zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagatai da masu unguwa da arɗaɗɗan Fulani, a sa rana, a kafa shingen itace, a koro shanu. A gunduma irin ta Ƙaraye, mai iyaka da lardi biyu, amfanin yin aiki a lokaci guda bai tsaya ga Nijar da Nijeriya ba, har tsakanin Kano da Katsina da Zariya ana bukatarsa. Akwai kuma tsoro na gaskiya a zukatan makiyaya, cewa mai ƙidaya don allura yau shi zai kai wa mai jangali lissafi gobe. Abin da ya rinjayi tsoron nan shi ne ganin ido: an ga sabuwar allura ba ta kashe dabba, an ga garken da aka huda wa kunne ya tsira. Ba Fulani kaɗai ke da ruwa a ciki ba. Manomin da ya sayi bijimai biyu don huɗa, da wanda ke jiran garke ya kwana a gonarsa don taki, da mahauci, da mai sayar da fura, duk rayuwarsu tana rataye da lafiyar saniya.

Cikin shekara uku ɓarkewar bushiya a Nijeriya ta sauko daga ɗaruruwa a shekara zuwa 'yan ƙalilan. Da aka ga haka sai aka miƙa aikin yamma har Senegal da Muritaniya, sa'an nan gabas zuwa Sudan da Habasha da Kenya. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda aka kafa a 1963, ta gaji hukumar CCTA, ta ci gaba da riƙon aikin daga ofishinta na Ikko. Kafin a rufe shi a 1976 ya shafi ƙasa 22.

Amma yarjejeniyar tana da rami a cikinta. An shirya yadda za a shiga tare, ba a shirya yadda za a fita ba. Kowane mai bayarwa ya yi alkawarin shekara uku, da suka cika ya naɗe tabarmarsa. Abin da ya rage, watau yi wa maruƙan kowace shekara allura da sa ido a kan iyaka, aka ce kowace ƙasa ta ɗauka da kuɗinta. Ba a bar wani asusu ba, ba a bar mai bin sawu ba. Har wa yau ma'aunin da aka yi aiki da shi yawan allurar da aka yi ne, don shi ne abin da akawun mai bayarwa yake iya rubutawa a rahoto. Ba a sa wani ya bi daji ya nemo inda cutar ta ɓuya ba. A nan aikin agana ya fi shi. Shi ma da kuɗin Amurka aka fara shi a ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka a 1967, amma ma'aikatansa sun koma farautar cutar kanta, duk inda aka ji mai agana sai a je a yi wa na kewaye da shi lamba, har aka ga na ƙarshe a yankin a Nijeriya a 1970.

Laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. Nijar da Mali da Cadi suna iya cewa talauci da farin 1972 zuwa 1974 sun ci ƙarfinsu. Nijeriya ba ta da wannan hanzari, don shekarun nan su ne na kuɗin man fetur. Abin da ya faru shi ne an ga cuta ta ɓace, sai aka ɗauka ta mutu. Ga shi kuma a 1967 an raba Jihar Arewa gida shida, ma'aikatar dabbobi guda ta zama shida, kowace da kasafinta. Iyakar Rogo da Katsina da Zazzau, wadda dā ta lardi ce a ƙarƙashin gwamnati ɗaya a Kaduna, ta zama iyakar jiha da jiha. Motocin aikin suka tsufa, firiji suka mutu, aka yi ta haihuwar maruƙa ba mai huda musu kunne, har garke ya cika da shanun da ba su da kariya.

Bushiya kuwa tana nan a maɓoya biyu, ɗaya a iyakar Mali da Muritaniya, ɗaya a kudancin Sudan da Habasha. A 1980 ta ɓullo a ƙasar Sakkwato daga yamma. A 1983 wata ta shigo Barno daga gabas ta hanyar Cadi, ta bi kasuwanni da burtali ta game Arewa. Aka nemi allura, ba ta isa ba. Makiyaya suka yi ta gudu da garkensu, gudun kuwa shi ya ƙara yaɗa ta, waɗansu suka yi ta sayar wa mahauta a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta hasarar Nijeriya ta kai dala biliyan 2, ninkin-ba-ninkin abin da aka kashe a kan JP15 a dukan Afirka.

Sai aka sake zama. A 1986 aka buɗe sabon yaƙi na dukan nahiyar, mai suna PARC, a hannun ofishin dabbobi na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ke Nairobi, Tarayyar Turai ce babbar mai biya. Wannan karon Nijeriya tana cikin masu cin asusun Turai, tun da ta sa hannu a yarjejeniyar Lome a 1975. Abin da aka ƙara a kan na dā duk daga darasin faɗuwar aka ɗauko shi. Aka kafa cibiya mai gwada ingancin allurar da kowace ma'aikata ta sarrafa, don an tarar waɗansu ba su da ƙarfi. Aka riƙa ɗibar jinin shanu ana aunawa, a ga ko allurar ta kama da gaske. Aka sami allura mai jure zafi har wata guda ba ƙanƙara. Mafi muhimmanci, aka yarda da ƙa'ida ɗaya ta fita: ƙasa za ta daina allura da gangan, ta zauna shekaru tana bincike, sa'an nan hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris ta duba shaidarta kafin a ce ta tsarkaka. A 1994 FAO ta ɗauki nauyin haɗa wannan aiki da na Asiya da Gabas ta Tsakiya. An ga bushiya ta ƙarshe a Nijeriya a 1987, ta ƙarshe a duniya kuwa a jikin ɓauna a Kenya a 2001. A 2011 aka yi shelar ta ƙare a bayan ƙasa, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa, bayan agana. Daga taron Kano zuwa wannan shela shekara hamsin cif.

Manyan masu ba da taimako sun zo sun rubuta irin waɗannan ƙa'idodi a takarda a Paris a 2005, cewa mai karɓa shi zai riƙe shiri, masu bayarwa su bi tsarinsa, su daidaita hanyoyinsu, a auna sakamako, kowa kuma ya yi wa ɗan'uwansa bayani. Suka sa wa kansu buri 13 da za su cika kafin 2010. Da aka yi bincike a 2011, guda ɗaya tak aka tarar an cika.

Jakunkuna biyun da suka biya aikin 1962 yanzu babu su da sunansu na dā: asusun Turai an shigar da shi cikin kasafin Tarayyar a 2021, USAID kuwa gwamnatin Amurka ta rufe ta a 2025. Akwai kuma ƙanwar bushiya da ta rage, mai kama awaki da tumaki, wadda aka fara ganewa a Kwaddibuwa a 1942, alamunta kusan iri ɗaya ne da na yayarta. A 2015 aka yi taro a Abijan aka ɗaura niyyar kawar da ita kafin 2030, allurarta tana nan, sau ɗaya kuma tana kare dabba shekaru. Ita ba garken Fulani kaɗai take bi ba, har cikin gida take shiga, inda akuya da tunkiya suke turke a bayan ɗaki. A Rogo da Ƙaraye, kamar sauran ƙasar Hausa, yawancin waɗannan dukiyar mata ce, da su ake yin kayan ɗakin 'ya da hidimar suna da kuɗin magani.